Darasi: Ɗaukaka Ƙara a Shari'ar Kisan Kai, da Misalin Shari'ar Thompson da Bywaters

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so kowane ɗalibi ya iya:

1. Bayyana ma'anar ɗaukaka ƙara da abin da kotun sama take dubawa.
2. Bambance wanda ya aikata laifi da hannunsa da wanda ya zuga ko ya haɗa baki.
3. Raba mugun hali da hujjar aikata laifi.
4. Ba da labarin shari'ar Edith Thompson da Frederick Bywaters a taƙaice.
5. Faɗin matakan da wanda aka yanke wa hukunci zai bi a Najeriya.

1. Abin da ya faru a Ilford

Shari'ar da za mu duba ta faru ne a Ingila a 1922. Mun zaɓe ta saboda manyan kotunan Najeriya daga Ingila suka gaji tsarinsu, kuma har yau masana shari'a ba su daina muhawara a kanta ba.

Edith Thompson tana da shekara 28 a lokacin. Tana aiki a wani kamfanin sayar da hulunan mata a Landan, ita ke riƙe musu littafin kuɗi, ita ke sayo musu kaya. Mijinta Percy Thompson, wanda ta aura a 1916, akawu ne a harkar jiragen ruwa. Suna zaune a Ilford, gabas da Landan. Na ukunsu shi ne Frederick Bywaters, matashi ma'aikacin jirgin ruwa, wanda dangin Edith suka daɗe da saninsa. A 1921 ya bi ma'auratan hutu, da suka dawo ya kama hayar ɗaki a gidansu. A nan ne soyayyar ɓoye ta shiga tsakaninsa da matar gida. Wata rana faɗa ya kaure tsakanin mata da miji, Percy ya kai mata hannu, Bywaters ya shiga tsakani, maigida ya kore shi daga gidan. An nemi Percy ya rabu da ita, ya ƙi.

Bywaters ya koma aikinsa a teku, Edith ta riƙa bin sa da wasiƙu, sama da 60. Shi ya adana nata, ita kuwa ba ta ajiye yawancin nasa ba.

A daren 3 ga Oktoba 1922, Edith da mijinta suna dawowa daga kallon wasan kwaikwayo a tsakiyar Landan. Wajen tsakar dare, suna tafe a ƙasa a kan titin Belgrave, sai wani mutum ya fito daga duhu, ya ture Edith gefe, ya daɓa wa Percy wuƙa, har da wuya. Wani maƙwabci ya shaida wa kotu daga baya cewa ya ji muryar mace tana kuka tana roƙon a bari. Edith ta ruga neman taimako, amma Percy ya cika a gefen titin. Da farko ta ɓoye wa 'yan sanda cewa ta gane maharin. Sai da ta ga sun kamo Bywaters sannan ta faɗa. Bywaters, ɗan shekara 20, ya amsa cewa shi ya soke shi, kuma tun daga ranar har ya bar duniya bai canja magana ba: Edith ba ta san zai zo ba.

2. Mai aikatawa da mai zugawa

Babu wanda ya ce Edith ta riƙe wuƙa. To, don me aka tuhume ta da kisan kai? Amsar tana cikin wata ƙa'ida da take aiki a Ingila da Najeriya baki ɗaya.

> AKWATIN MA'ANA
> Zugawa: ingiza wani, ko ba shi shawara, ko taimaka masa ya aikata laifi.
> Haɗin baki: mutum biyu ko fiye su amince a kan aikata laifi ɗaya. Idan ɗayansu ya aikata shi bisa wannan niyya, doka tana ɗaukar kowannensu kamar shi ya aikata.

A arewacin Najeriya, kundin dokokin hukunta laifuffuka da ya fara aiki a 1960, wanda aka fi sani da Final Kod, ya tanadi wannan a sashe na 79. Ƙa'idar tana da amfani, don in babu ita mai kuɗi zai sa a yi masa kisa, ya koma gida ya kwanta. Amma tana da haɗari, shi ya sa dole a tabbatar da cewa amincewar ta faru da gaske, kuma a kan wannan laifin ne aka amince, ba wani ba.

*Misali na 1.* An fasa shagon wani ɗan kasuwa da dare. An kama mutum uku. Na farko shi ya ɓalle kwado. Na biyu ya tsaya a bakin lungu yana gadi, shi ya faɗa wa na farko lokacin da mai shago yake tashi. Na uku mai shayi ne a layin, wanda wata shida da suka wuce, bayan sun yi cacar baki da mai shagon, aka ji shi yana cewa, "Allah ya sa ɓarayi su yashe shi." Wa doka za ta kama?

*Warwara.* Na farko ya aikata da hannunsa. Na biyu ya haɗa baki, ya kuma taimaka, don haka hukuncinsu ɗaya. Na uku ya yi mugun fata, kuma bai kyauta ba, amma ba a nuna ya san da shirin wannan dare ba, ba a kuma nuna maganarsa ce ta tura ɓarayin ba. In dai ba a kawo wata hujja ba, kotu ba za ta same shi da laifi ba.

Tambayar da ke gaban kotu a shari'ar Edith ke nan: ita ta biyu ce, ko ta uku?

3. Wasiƙun a gaban kotu

An fara shari'ar ranar 6 ga Disamba 1922 a kotun Old Bailey da ke Landan, a gaban Mai shari'a Shearman. An gurfanar da su biyun tare.

> AKWATIN MA'ANA
> Masu taimaka wa alƙali: mutum 12 da ake zaɓowa daga cikin jama'ar gari a Ingila. Su ke sauraron shaidu, su yanke ko wanda ake tuhuma yana da laifi ko ba shi da shi. Alƙali yana yi musu bayanin doka, shi kuma ke yanke hukunci. A kotunan Najeriya yau alƙali ne ke yin aikin duka biyu.
> Shakka mai ma'ana: kokwanton da mai hankali zai yi bayan ya ji duk shaidu. Idan akwai shi, dole a sallami wanda ake tuhuma.

Masu gabatar da ƙara ba su da shaida ko ɗaya da ya ji Edith ta ce wa Bywaters ya tare mijinta a wannan dare. Abin da suke da shi shi ne cewa su biyun sun haɗu da rana a wani shagon shan shayi, sai kuma wasiƙun. Ba duka wasiƙun aka karanta ba, an tsamo wasu ne. Yawancin abin da ke cikinsu hirar masoya ce da labarin littattafan da take karantawa. Amma akwai wurare masu tayar da hankali. Ta rubuta cewa ta daka gilashin ƙwan lantarki ta zuba wa mijinta a abinci. Ta yi maganar wani abu mai ɗaci da ta sa masa a shayi. Ta aika wa Bywaters yankakkun labaran jarida a kan mutanen da aka kashe da guba, ta kuma roƙe shi ya yi wani abu a kan halin da suke ciki.

Duk wanda ya ji wannan zai ce magana ta ƙare. Amma ku lura da abubuwa guda uku. Na ɗaya, an tono gawar Percy, shahararren likitan binciken gawa Bernard Spilsbury ya duba ta, bai ga alamar guba ko gilashi ba. Na biyu, ko da an yarda ta yi tunanin guba, da wuƙa aka kashe Percy a kan titi, kuma babu wasiƙar da ta ambaci wuƙa ko titi. Na uku, kotu ta ji ɓangare ɗaya ne na hirar, tun da yawancin amsoshin Bywaters ba sa hannu. Edith ta ce ƙirƙira ta yi don ta riƙe zuciyar saurayin da ta girme shi, ya ga za ta iya yin komai saboda shi. Bywaters ma ya ce bai taɓa yarda ta aikata ba, ya san ta da yawan karance-karance da ƙirƙirar labari.

Lauyanta, Sir Henry Curtis-Bennett, ya ba ta shawara kada ta shiga akwatin shaida. Ta ƙi ji. Da mai gabatar da ƙara ya riƙa ɗauko jimlolin ɗaya bayan ɗaya yana tambayarta me take nufi, sai ta rikice, amsoshinta suka yi ta karo da juna. Ga kuma ƙaryar da ta yi wa 'yan sanda tun farko.

Sai abin da ya fi damun masana har yau. Da alƙali ya zo yi wa masu taimaka masa bayani, bai ɓoye ƙyamarsa ga cin amanar auren ba, ya nuna musu cewa duk mutumin kirki zai ji ƙyamar irin wannan soyayya. Maza 11 da mace ɗaya suka shiga ɗaki, bayan awa biyu da 'yan mintoci suka fito. Ranar 11 ga Disamba aka same su duka biyu da laifi, aka yanke musu hukuncin kisa ta hanyar rataya.

A nan ya kamata mu tsaya. Cin amanar aure babban laifi ne a addini da al'ada, kuma babu mai wanke Edith daga gare shi. Percy ma mutum ne da aka raba da ransa yana da shekara 32, jininsa yana da haƙƙi. Amma a Ingila ta 1922 zina ba laifin da kotu ke hukuntawa ba ne, kuma ba a kanta aka gurfanar da Edith ba. Ko a arewacin Najeriya, inda doka ta tanadi hukuncin zina, tuhuma ce mai zaman kanta, da nata hujjojin. Soyayyar ɓoye tana iya nuna dalilin da zai sa mutum ya so mutuwar wani. Ba ta nuna cewa ya shirya kisan. Wanda ya gauraya waɗannan biyu zai hukunta mutum saboda halinsa, ba saboda abin da aka tabbatar ya aikata ba.

*Misali na 2.* Wata mata ta aika wa ƙawarta saƙo a WhatsApp bayan sun yi faɗa da mijinta: "Wallahi mutumin nan sai na ga bayansa." Bayan wata huɗu, yayanta ya tare mijin a tasha ya ji masa rauni. Saƙon zai isa a kama ta da haɗin baki?

*Warwara.* Kotu tana iya karɓar saƙon, don yana nuna akwai ƙiyayya. Amma shi kaɗai bai isa ba. Ba yayan aka aika wa ba, bai ambaci duka ko tasha ba, kuma "ganin baya" yana iya nufin neman saki. Da a ce an samu saƙon da ta aika wa yayan da safiyar ranar tana cewa, "Ƙarfe huɗu zai iso tasha, kada ka bari ya wuce," to, da magana ta canja.

4. Ɗaukaka ƙara

> AKWATIN MA'ANA
> Ɗaukaka ƙara: wanda bai gamsu da hukunci ba ya nemi kotun da ke sama ta duba ko kotun ƙasa ta yi kuskure.
> Dalilan ɗaukaka ƙara: kurakuran da mai ƙara ya lissafa a rubuce, yana neman a soke hukunci saboda su.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa a kotun ɗaukaka ƙara sabuwar shari'a ake yi. Ba haka ba ne. Yawanci ba a kiran shaidu. Alƙalai suna karanta kundin abin da ya gudana a kotun ƙasa, su saurari lauyoyi, su tambayi kansu: an karɓi hujjar da bai kamata a karɓa ba? An ƙi wadda ta kamata? An fassara doka ba daidai ba? Hujjojin sun isa su ɗauki wannan hukunci? Daga nan suna iya tabbatar da hukuncin, ko su soke shi, ko su rage shi, ko su ce a sake shari'a.

*Misali na 3.* An ɗaure wani makiyayi bisa tuhumar satar saniya. Ya zo da ƙorafi biyu. Na farko: "Wallahi ban sata ba, alƙali bai yarda da ni ba ne kawai." Na biyu: "Na kawo mutum biyu da za su shaida ina kasuwar wani gari a ranar, alƙali ya hana su magana." Wanne ya fi ƙarfi?

*Warwara.* Na biyu. Kotun sama ba ta cika saɓa wa alƙalin da ya ga shaidu ido da ido a kan wanda ya fi gaskiya ba. Amma hana mutum kiran shaidunsa tauye haƙƙin sauraro ne, kuma kuskure ne da za a gani a rubuce cikin kundi.

Kotun da Edith da Bywaters suka je, wato kotun ɗaukaka ƙarar manyan laifuffuka ta Ingila, dokar 1907 ce ta kafa ta, bayan ƙasar ta girgiza da labarin Adolf Beck, mutumin da aka ɗaure bisa laifin da wani ya aikata. Lauyoyin sun ce bai kamata a haɗa su biyun a shari'a ɗaya ba, bai kamata a karɓi wasiƙun ba, alƙali bai yi wa masu taimaka masa bayani bisa adalci ba, kuma babu hujjar da ta nuna Edith ta san da harin.

Ranar 21 ga Disamba 1922, kwana goma kacal bayan hukunci, alƙalai uku ƙarƙashin Babban Jojin Ingila, Lord Hewart, suka yi watsi da ƙararrakin biyu. Sun ce wasiƙun hujja ce ta zuga mai ɗorewa, wadda ta ci gaba har zuwa ranar kisan, don haka ba lallai ne a nuna ta san rana ko makami ba. Shi ma Babban Jojin ya siffanta al'amarin da ƙazamin labarin sha'awa da zina.

Game da Bywaters babu abin cewa, ya amsa da bakinsa. Game da Edith kuwa, a ganinmu kotun ta bar aikin da aka kafa ta dominsa. Babban ƙorafin shi ne ƙyama ta rinjayi hujja a kotun ƙasa, sai ga kotun sama ta amsa da irin wannan ƙyamar. Ba mu ce mun san abin da ke zuciyar Edith ba, wannan sai Allah. Abin da muke cewa shi ne, da gawar da babu guba, da maƙwabcin da ya ji tana roƙon a bari, da maharin da bai taɓa sa ta a ciki ba, akwai shakka mai ma'ana, kuma rai ne a kan sikeli.

5. Bayan ƙofar kotu ta rufe

> AKWATIN MA'ANA
> Afuwa: ikon da doka ta ba shugabanni na yafe hukunci ko sassauta shi. Ba kotu ke yin ta ba, kuma ba ta nufin kotu ta yi kuskure.

Mutane kusan miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar roƙon sassauci. Ministan cikin gida, William Bridgeman, ya ƙi. Ranar 9 ga Janairu 1923, da ƙarfe tara na safe, aka rataye Edith a kurkukun Holloway, aka rataye Bywaters a kurkukun Pentonville. Daga harin zuwa rataya wata uku ne da 'yan kwanaki. Birtaniya ta dakatar da hukuncin kisa a kan laifin kisan kai a 1965, ta tabbatar da sokewar a 1969. A 2018 aka mayar da gawar Edith kusa da kabarin iyayenta a Landan.

6. Yadda abin yake a Najeriya

Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar. Idan babbar kotun jiha ta yanke wa mutum hukunci, yana da kwana 90 ya shigar da ƙara a Kotun Ɗaukaka Ƙara. In bai gamsu ba, yana da kwana 30 ya wuce Kotun Ƙoli a Abuja. Wanda lokaci ya ƙure masa yana iya roƙon ƙari, amma sai ya kawo dalili mai ƙarfi, don haka dangi su nemi lauya da kwafin hukunci tun a makon farko. Marar hali yana iya neman Hukumar Ba da Tallafin Shari'a, wadda aka kafa a 1976.

Wanda aka yanke wa hukuncin kisa ba ya buƙatar izinin kowa kafin ya ɗaukaka ƙara, kuma ba a zartar da hukuncin muddin ƙararsa tana gaban kotu. A 1986, a shari'ar Bello da Babban Lauyan Jihar Oyo, Kotun Ƙoli ta yanke cewa kashe mutum alhali ba a saurari ƙarar da ya ɗaukaka ba saɓa wa doka ne. Ikon afuwa kuwa yana hannun gwamna a sashe na 212 idan dokar jiha aka karya, yana hannun shugaban ƙasa a sashe na 175 idan dokar tarayya ce.

Tambayoyin bita

1. Mene ne ɗaukaka ƙara? Faɗi abubuwa uku da kotun sama take dubawa.
2. Edith ba ta riƙe wuƙa ba. Wace ƙa'ida ce ta sa aka tuhume ta da kisan kai?
3. Me binciken Bernard Spilsbury ya nuna, kuma me ya sa yake da muhimmanci?
4. Lissafa dalilai uku da lauyoyi suka gabatar a kotun ɗaukaka ƙara. Me kotun ta yanke, kuma a wace rana?
5. A Misali na 1, me ya raba mai gadi da mai shayi?
6. Bambance afuwa da soke hukunci.
7. Babbar kotun jiha ta yanke wa ɗan'uwanka ko ɗan'uwanki hukunci yau. Kwana nawa gare shi ya ɗaukaka ƙara, kuma wace kotu zai je?
8. Ku rabu gida biyu. Rukuni ɗaya ya kare hukuncin Lord Hewart, ɗaya ya ƙalubalance shi. Kowane rukuni ya dogara da hujjojin da ke cikin darasin kawai.